Mu huɗu, fam 200, da gwiwar Hajiya: ina za mu zauna a gidan wasan kwaikwayo a Landan?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen mutanen Landan. Hajiyarmu ta zo mana nan Birmingham, sai bayan sabuwar shekara za ta koma gida. Tsohuwar malama ce, ta daɗe tana koyar da adabin Turanci a makarantar 'yan mata, kuma burinta ta ga wasan kwaikwayo a kan dandamali a Landan da idonta. Mu huɗu ne, ita da ni da maigida da Hanifa mai shekara 11. Na buɗe shafin sayar da tikiti na tarar da taswirar kujeru kala-kala, wannan fam 25, wannan 60, wannan 95, wata har 150, duk a wasa ɗaya, dare ɗaya. Fam 200 muka ware. Ina ne mutum zai zauna bai yi asarar kuɗinsa ba? Sannan Hajiya tana fama da gwiwa.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Sannunku da baƙuwa, a gaida Hajiya. Kafin a yi nisa, wasan magana ne zalla ko mai waƙa da rawa? Amsar ta bambanta.

Maman Hanifa: Na magana ne Baban Walid. Ta ce ita ba rawa ta zo kallo ba.

Sarkin Rowa: Ku sayi na fam 25 guda huɗu, ɗarin da ta rage ku ci abinci da ita a Edgware Road. Wasan da na fam 150 zai gani shi za ku gani. An rufe taro.

Baban Walid: Ba a rufe ba malam. Ka taɓa hawa can ƙololuwa kuwa?

Maman Hanifa, bari in ba ki fasalin ginin tukuna, sai taswirar ta daina ruɗa ki. Yawancin tsofaffin gidajen wasa na West End, wato unguwar gidajen wasa da ke tsakiyar Landan, hawa uku ne ko huɗu. Na ƙasa, wanda yake fuskantar dandamali kai tsaye, za ki ga an rubuta Stalls. Benen farko Dress Circle, wasu gidajen su ce Royal Circle. Na biyu Upper Circle ko Grand Circle. In akwai na huɗu shi ne Balcony, wanda Sarkin Rowa yake so ya kai tsohuwa. Kuɗi yana raguwa ne yayin da ake hawa sama, da kuma yayin da ake matsawa gefe ko baya.

Mafi tsada kullum tsakiyar ƙasa ne, daga wajen layi na biyar zuwa na goma sha biyu, sai layukan farko na benen farko. Su ake kira kujerun alfarma, su ne kike gani fam 150. Ni dabarata guda ce. Ki nemi inda launi ya canza a taswira, ki zauna daidai kan iyakar ta ɓangaren araha. Sau da yawa kujera biyu suna maƙwabtaka, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya fam 95 ɗaya 60. Abin da wancan zai gani shi za ki gani. Kamar fili ne, fegin bakin titi da wanda yake bayansa unguwa ɗaya ce, amma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Maman Hanifa: Kai, wannan ta shige ni. Ni da ina ta kallon tsakiyar kowane launi.

Anti Binta: Baban Walid ya yi daidai, amma bari in ƙara, don na yi aikin raka mutane kujerunsu a ɗaya daga cikin gidajen nan lokacin ina ɗaliba. Maganar gwiwa ita ce gaba da komai a nan. Mutane suna ɗauka kujerun ƙasa ba matakala tunda an ce ƙasa. A gidaje da yawa na West End ba haka ba ne. An haƙa ginin ne cikin ƙasa, sai ya zama benen farko shi ne daidai da titi, kujerun ƙasa kuma sai an sauka matakala kafin a kai gare su. Criterion da ke Piccadilly Circus ma kusan gabaɗayansa a ƙarƙashin ƙasa yake. Kuma da yawansu ba lif, tunda gine-ginen zamanin Sarauniya Victoria ne da 'yan shekarun bayanta.

Saboda haka kar ki biya sai kin duba shafin gidan wasan kansa, ɓangaren da suke bayani ga masu lalura. Suna rubuta yawan matakala daga ƙofa zuwa kowane hawa. Ko ki kira su. Suna da lambar waya daban don irin wannan, kuma in mutum yana da lalurar tafiya sukan ba shi kujerar da ta dace, wani lokacin da rangwame har ga mai rakiyarsa. Kowane gida da ƙa'idarsa, ki tambaya ba kunya.

Sarkin Rowa: To na janye Hajiya daga sama. Amma maigida da Hanifa ai ƙafarsu lafiya. A raba su mana, biyu ƙasa biyu sama.

Hajiya Talatu: Haba ɗan nan. Mutane su taso tun daga Birmingham tare, sai a je a raba su a ƙofa? Daɗin abin ai a kalla tare ne, a juya a kalli juna in an yi abin dariya.

Anti Binta: Kuma gidaje da yawa ba sa barin yaro ƙasa da shekara 16 ya zauna ba babba a gefensa, to a nan dai da mahaifinta ba matsala. Amma ni ma ban goyi bayan rabuwar ba. A tsofaffin gidajen ma wani lokacin ƙofar masu hawa can sama daban take, ta lungu. Da gangan aka gina haka a da, don kar talaka ya haɗa hanya da masu kuɗi.

Injiniya: Wannan batu nawa ne, ku ba ni wuri. Abin da ya sa kujeru suke da bambanci haka a Landan gini ne. Gidajen farko an tokare benayensu da ginshiƙai, shi ya sa har yau akwai kujerar da za ka zauna ginshiƙi yana tsakaninka da dandamali. Daga baya aka koyi ɗora bene a kan ƙarafan da suka fito daga bango ba tare da tokari ba. Frank Matcham, wanda ya zana London Coliseum da aka buɗe a 1904 da London Palladium a 1910, ya yi suna a wannan. An rabu da ginshiƙi, sai wata matsalar ta fito. Benen ya miƙo gaba sosai ya yi wa layukan baya na ƙasa rumfa. Wanda yake can baya a ƙasa yana ganin 'yan wasa, amma saman dandamali ya yanke masa. Idan wasan yana da bene a cikinsa, ko wani zai tsaya a taga daga sama, ƙafafu kawai zai gani.

Na biyu, siffar zauren. Da yawa a lanƙwashe suke, gefe biyun sun zagayo kusa da dandamali. Duk wanda ya zauna a ƙarshen lanƙwasar, kusurwar dandamali ta ɓangarensa ta ɓace masa, sai ya yi ta leƙe. Shi kuma in ya leƙa ya tare na bayansa.

Na uku gangare. Ƙasa a wasu gidajen kusan a miƙe take, kan na gabanka shi ne abin kallonka. Bene kuwa kowane layi ya ɗara na gabansa tsawo. Don yarinya mai shekara 11 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baban Walid: Injiniya ya buɗe aji.

Injiniya: Saura ɗaya in tashi. In wasan da kuke so yana National Theatre ne a South Bank, rabin damuwar nan ta kau. Ginin 1976 ne, akwai lif. Babban zaurensu, Olivier, yana ɗaukar mutum sama da 1,100, kuma an yi shi a buɗe ne bisa tsarin tsohon dandalin Epidaurus na Girka, ba ginshiƙi ba rumfa mai tare ido. Kujerar araha a can nisa kawai ke damunta.

Maman Hanifa: Ba a can yake ba, a ɗaya daga cikin tsofaffin ne kusa da Leicester Square. Amma na rubuta don gaba. Yanzu tambaya, na ga layin farko na ƙasa, dab da dandamali, fam 40 ne kacal, alhali layi na shida 95. Me ya sa? Ni na zata na gaba ya fi tsada.

Anti Binta: Saboda wuya. Dandamali yana da tsawo, wanda yake layin farko kansa a ɗage zai yi awa biyu da rabi. Ba zai ga ƙasan dandamalin ba, in ɗan wasa ya faɗi ko ya zauna a ƙasa can ciki ya ɓace. Ga gajeren mutum ko yaro abin ya fi muni. Amma ba a kowane wasa ba. In dandamalin gajere ne, layin farko garaɓasa ce, har numfashin ɗan wasa kana ji. Har da yawunsa wani lokacin, in ya ɗaga murya.

Hajiya Talatu: Subhanallahi. A kai kasuwa.

Sarkin Rowa: Kun ga ni da kuke wa dariya, a sama ba mai tofa min yawu.

Ɗan Zazzau: Ni ina nan gida ina karantawa ina mamaki. Fam 200 don kallon dirama? Ku lissafa shi a naira ku ji. Mu a Samaru, dandalin wasan kwaikwayo na ABU da aka gina da jar ƙasa tun shekarun 1970, zagaye ake yi a zauna, kowa yana ganin kowa, ba wanda ya fi wani kujera.

Maman Hanifa: Ɗan uwa, in muka fara lissafin naira ko burodi ba za mu saya ba a ƙasar nan. Uwa ce, kuma ba kullum ba ne.

Injiniya: Amma maganarsa akwai gaskiya a ciki ta fuskar gini. Ƙaramin wuri ba ya da mummunar kujera sosai. A Landan ma Donmar Warehouse kujera 251 ce duka, 'yan kallo sun kewaye dandamali ta gefe uku, na baya ma kusa yake. Wahalarsa samun tikitin.

Baban Walid: Mu dawo kan wasan magana, don nan ne ni da Sarkin Rowa muka rabu da gaske. In wasan waƙa da rawa ne mai mutum talatin a dandamali, sama tana da amfaninta, kana ganin yadda aka tsara rawar gabaɗaya, kuma sauti ta lasifika yake zuwa. Wasan magana kuwa fuska ce da murya. Mutum biyu ne a ɗaki, ɗaya ya faɗi magana, ɗayan ya yi shiru ya kawar da kai. Wannan kawar da kan shi ka biya kuɗi ka gani. Daga hawa na huɗu tsakiyar kansu kake kallo. Kuma a wasannin magana da yawa ba a ƙara murya sosai, ga Turancin da wani lokaci da karin harshen wani yanki ake yinsa, mu da muka daɗe a nan ma sai mun kasa kunne. Ka kai malamar adabi inda ba za ta ji rabin zancen ba, me ka yi? Araha ba ta ado.

Sarkin Rowa: Akwai 'yar na'urar hangen nesa a jikin kujerun sama, ka saka tsabar fam ɗaya ka ciro.

Baban Walid: Ita za ta jiyo maka muryar?

Sarkin Rowa: To ga wadda ba ku isa ku musa ba. Shakespeare's Globe, bakin kogin Thames. Tikitin tsayuwa fam 5 zuwa 10, mutum 700 ake ɗauka a filin gaban dandamali, kuma su ne suka fi kowa kusa da 'yan wasa. In ka zo da wuri har hannu za ka ɗora a gefen dandamalin. Masu kujeru da suka ninka kuɗinka sau da yawa suna bayanka a kan bencin katako, wasu ma ginshiƙan dandamalin biyu suna tare musu. A nan mafi araha shi ne mafi kyau. Kuma malamar adabi, ina ya fi mata nan?

Anti Binta: Ka manta gwiwar ne kuma? Kusan awa uku a tsaye, ba a yarda ka zauna a ƙasa ba, ba rufi, in ruwa ya sauko ba a yarda ka buɗe lema ba. Kuma babban lokacin wasanninsu daga Afrilu zuwa Oktoba ne, mu muna maganar Disamba.

Sarkin Rowa: Na faɗa ne don matasan zaure.

Baban Walid: A wannan na ba ka. Duk ɗalibin da yake Landan da bazara bai je ya tsaya a Globe ba ya cuci kansa. An buɗe shi a 1997, kwaikwayon wanda aka gina a 1599, har rufin ciyawa. Maman Hanifa, ko ba ku kalli wasa a can ba ku kai Hajiya ta ga ginin da rana, suna zagayawa da baƙi.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, daga Faris nake bin ku. Mu ma nan haka abin yake. A gidan wasan Comédie-Française akwai 'yar taga a gefen ginin da ake buɗewa awa ɗaya kafin wasa, ana sayar da kujerun da ba sa gani sosai a yuro 5. Ɗalibai ne ke cika layin. Ka san abin da ka saya tun farko, ba wanda ya yaudare ka. Ni abin da na ƙi shi ne a sayar min da rabin dandamali a kuɗin cikakke.

Anti Binta: Yawwa, ka kawo ni inda nake so. A nan ma dole su faɗa. In kin taɓa kujera a taswira za ki ga ɗan rubutu, restricted view, ma'ana akwai abin da zai tare. To kar ki gudu da ganin rubutun, kar kuma ki faɗa ido rufe. Akwai wadda ɗan siririn ƙarfen kariya ne kawai a gabanta, minti biyar ka manta da shi, an kuma rage mata fam 20 ko 30. Akwai wadda kashi ɗaya cikin uku na dandamali ba ka gani. Duk rubutu ɗaya ake musu. Yadda za ki bambance, ki shiga shafin SeatPlan, mutane suna ɗora hoton da suka ɗauka daga kujerarsu da lambarta. Sai shafin Theatremonkey, shi taswira yake yi yana shafa wa kujerun da suka cancanci kuɗinsu kore, waɗanda ba su cancanta ba ja. Ki buɗe su gefe da gefe da shafin tikitin.

Sannan layin farko na bene, da mutane suke rububi, ku yi hattara da shi in da yaro. Katangar gaban tana iya kaiwa daidai idon Hanifa, kuma wurin miƙe ƙafa a nan ya fi ko'ina matsi, gwiwa tana dukan katanga. Layi na biyu ko na uku ya fi. Ki tambayi masu aiki matashin ƙara tsawo don ita tun kuna shiga, suna ƙarewa da wuri.

Maman Hanifa: 'Yan ɗakunan nan na gefe fa, masu labule? Maigida ya ce mu kama guda mu huɗu, ba cakuɗa da kowa.

Injiniya: An yi su ne don a gan ka, ba don ka gani ba. Masu sarauta da attajirai ke zama a ciki da, fuskarsu tana kallon jama'a. Daga gefe za ku kalli wasan, bangon da yake ɓangarenku ba za ku gan shi ba.

Hajiya Talatu: Amma ni na zauna a ciki kuma na ji daɗi. Kujerun ba a kafe suke ba, kana ja yadda kake so, ka miƙe ƙafa, ba mai tashinka ya wuce. Ga mai ciwon gwiwa wannan ba abin rainawa ba ne. Biyun da suke gaba suna gani da kyau, na baya ne suke wahala.

Injiniya: To wa za a bari a baya, maigida?

Hajiya Talatu: Shi ya kawo shawarar ai.

Malam Sani: Ban ga wanda ya taɓo sallah ba, kuma tana shafar ranar da za ku zaɓa da kujerar ma. Wasan rana yawanci ƙarfe 2:30 yake farawa, na dare 7:30. A Disamba magariba a Landan kafin ƙarfe huɗu take yi. In kun shiga na rana, azahar da la'asar kun yi su kafin a fara, amma magariba za ta same ku a ciki, wajen hutun rabin lokaci. Hutun minti 15 ne zuwa 20, layin banɗakin mata kaɗai ya isa ya cinye shi. Na dare a hunturu ba wannan matsalar, kun yi isha'i kafin ku shiga. Da bazara abin ya juye, magariba tana wuce ƙarfe tara, na rana ne ya fi sauƙi.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Malam, wallahi ban kawo wannan ba. Sai dai na dare yana tashi wajen ƙarfe goma, ga jirgin ƙasa daga Euston, ga tsohuwa ga sanyi.

Malam Sani: Ku matafiya ne daga Birmingham, akwai sauƙin da shari'a ta ba matafiyi, ki tambayi malaminku a kai. In kuma kun fi so ku yi ta a lokacinta, ku kama kujerun bakin hanya, ana sauke labule ku ne farkon fita.

Anti Binta: Bakin hanya yana da amfani biyu ma, Hajiya ta samu inda za ta miƙe ƙafa ɗaya. Ki lura wace gwiwar ce ke ciwo ki zaɓi ɓangaren da ya dace. Illarsa duk wanda ya makara ko zai fita sai kun tashi masa. Kuma ku je da wuri. In an fara ba sa barin mutum ya shiga sai an samu gaɓar da ta dace, wani wasan sai hutun rabin lokaci, kuma ba a mayar da kuɗi.

Baban Walid: Wasan rana na tsakiyar mako, Laraba ko Alhamis, da daren Litinin zuwa Alhamis sun fi Juma'a da Asabar sauƙi. Kujera ɗaya, kuɗi daban. Amma makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara ku manta da araha, lokacin ne suka fi tsawwalawa. In za ku iya, farkon Disamba ko makon farko na Janairu bayan an koma aiki.

Sarkin Rowa: Ko ku je ranar kawai ku tsaya a rumfar sayar da tikiti da ke Leicester Square, wadda aka sani da TKTS. Tun 1980 take can, ƙungiyar gidajen wasan Landan ce da kanta take tafiyar da ita, suna karya farashin tikitin ranar. Ga kuma manhajar TodayTix, da safe suna sakin wasu kujeru da araha, wasu wasannin kuma ƙuri'a ake yi.

Malam Sani: Ƙuri'ar nan ana biya kafin a shiga?

Sarkin Rowa: A'a Malam, kyauta ake shiga. In sunanka ya fito sai a ba ka dama ka saya da rangwame, in ka ga dama ka bari.

Baban Walid: Duk wannan na mutum ɗaya ne ko biyu da suke zaune a Landan, in bai samu yau ba ya koma gida ya dawo gobe. Ƙuri'a da na safiyar nan yawanci tikiti biyu ne iyaka, kuma ba kai ke zaɓar kujera ba. Mutum huɗu, da tikitin jirgi a hannu, da tsohuwar da ba kowace kujera za ta iya kaiwa ba, ba a yi musu wannan kasadar. Su saya tun yanzu su san inda za su zauna.

Abu ɗaya game da rumfar, ita tana tsaye ita kaɗai a cikin dandalin. Shagunan da suke kewaye da wurin masu allon rabin kuɗi ba ita ba ce.

Hajiya Talatu: Wannan gaskiya ne. Wani shago a yankin ya taɓa sayar wa baƙina tikiti, ya ce musu tsakiya ne. Tsakiyar ce kuwa, amma ta hawan ƙarshe, kuma kuɗin da aka buga a jikin tikitin bai kai abin da suka biya ba. 'Yan baranda ko'ina suna nan.

Anti Binta: A intanet ma haka. Wanda ya fara fitowa in ka bincika sunan wasa sau da yawa talla ce ta dillali. Ki fara da shafin gidan wasan ko na wasan kansa. In dillali ne ki duba ko yana da tambarin STAR, ƙungiyar masu sayar da tikiti ce mai ƙa'idoji. Kuma ki kai har shafin biya kafin ki kwatanta, don la'ada a ƙarshe take fitowa, da ɗan kuɗin gyaran gini da wasu gidajen suke ɗorawa a kan kowane tikiti. Fam 3 ko 4 sau huɗu ya zama kuɗi.

Maman Hanifa: To ga inda na tsaya, ku duba min. Na kira su, sun ce benen farko matakala kaɗan ne daga titi, ƙasa kuwa sai an sauka da yawa. Daren Talata, benen farko, layi na biyar, kujeru huɗu daga bakin hanya ta dama, fam 55 kowacce. Layi na huɗu da ke gabansu 85 ne. Ya zama 220 kafin la'ada. Ko kuma layi na ƙarshe na benen, fam 42.

Injiniya: Layin ƙarshe na benen farko yana ƙarƙashin rumfar bene na biyu, ki duba hoto tukuna. Wani gidan ba komai, wani gidan ji za ki yi an danne ki, ga zafi.

Baban Walid: Ɗauki na 55. Ashirin ɗin da ta hau ki cire ta daga abincin da Sarkin Rowa ya ce ku ci.

Sarkin Rowa: Ni har yanzu ina ganin 42 sau huɗu 168 ne, da canjinku.

Anti Binta: Ƙanwata, dama ta wa? Taswirar wasu shafukan dandamali yana sama, wasu yana ƙasa, dama ta koma hagu. Ki bi lambar kujera, kar ki bi hannu. Kuma wace gwiwar ce?

Maman Hanifa: Ta hagu ce Anti.

Anti Binta: To ki nemi ƙarshen layin da hanya za ta kasance a hagunta in ta zauna tana fuskantar dandamali. In huɗun da kika gani hanya a damansu take, duba ɗaya ƙarshen layin, yawanci kuɗinsu ɗaya.

Hajiya Talatu: Kuma don Allah ranar a yi ƙaramin ɗauri. Kar a kafa gwaggwaro a layi na biyar, na layi na shida ma kuɗi ya biya.

Maman Hanifa: Wannan saƙon ke za ki faɗa wa Hajiya da bakinki, ni ba ruwana. Ɗaya ƙarshen akwai huɗu a jere, lamba 19 zuwa 22, kuɗin ɗaya. Shafin ya riƙe min su na 'yan mintuna, bari in kira maigida ya turo katin.